Tarin Goggo

Ranar da aka shafa wa kofin Goggo jan farce, ita da kanta ta riƙe shi ana shafawa. Matar gidan ta tsaya daga nesa, ta rufe hanci da gefen mayafi, ta miƙo hannu ta ɗiga ja a mariƙin kofin, ta ɗiga a bayan kwano, ta ɗiga a wutsiyar cokali.

"Don Allah kada ki ɗauke shi da wata manufa, Goggo," in ji ta ta cikin mayafin. "Likita ne ya ce a ware miki naki."

"Wace manufa kuma, 'yar nan? Ai rigakafi ya fi magani." Goggo ta hura wa jan farcen iska don ya bushe, sai ta tuna iskar bakin nata ce ake gudu, ta yi maza ta rufe baki.

Tari ne dai, ba wani abu ba. Ruwan sama ya doke ta wajen kwashe shanya, mura ta kama ta, murar ta yi kwanakinta ta tafi ta bar mata tarin. Goggo ta sha tari iri-iri a rayuwarta, babu wanda ya taɓa hana ta shara ko wanke-wanke. Amma wannan, aka ce mata, ba irin waɗancan ba ne. Tarin fuka ne, mai bin iska ya shiga ƙirjin na kusa, kuma ya fi son yara. Da ta ji an ambaci yara sai jikinta ya yi sanyi, domin a bayanta 'Yar Tsana take kwana tun da aka yaye ta.

'Yar Tsana ita ce 'yar gidan tilo, ba ta isa shiga makaranta ba, amma baki kamar rediyo. Ubanta ɗan ƙanin Goggo ne, ita ta rene shi tun ba shi da haƙori ko ɗaya. Yanzu ya zama ma'aikacin tsafta, kowa Duba-gari yake ce masa. Aikinsa ke nan ya shiga gidan sayar da abinci ya buɗe tukunya, ya leƙa bayan firji, ya zura sanda a kwata. In mahauci ya rantse masa naman na yau ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Ni ba na aiki da an ce. Gani ya kori ji." Sannan ya sunkuya ya shinshina da hancinsa. Maganar ta zame masa kamar sallama, har 'Yar Tsana ta haddace ta tana yi wa kaji.

Da ya dawo daga aiki a ranar, matarsa ta tare shi tun a bakin ƙofa suka yi ƙus-ƙus. Ya shigo ya tsaya a tsakar gida, jaka a hammata, bai ƙaraso inda Goggo take ba.

"Goggo, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya sawwaƙe. To, tun da likita ya faɗa, ba mu da ta cewa. Sai dai ki koma sito kafin a ga abin da hali zai yi. Don yarinyar nan."

"Don ita ai ko kan rufi zan kwana," in ji Goggo.

Siton yana can ƙuryar gida, kusa da bayi, da 'yar taga guda wadda ko kyanwa sai ta matse kafin ta fita. Nan Duba-gari yake ajiye kayan aikinsa, famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya da jarkokin maganin ƙwari. Matar gidan ta tura su jikin bango, ta lulluɓe da tsohon tamfol, ta share wurin da ya rage. Tabarma ɗaya ya ci, ba ƙari. In Goggo ta miƙe, kanta yana taɓa tamfol ɗin.

"'Yar nan, ɗakin nan fa da wani wari."

"Ai gara ma haka, Goggo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, zai taimaka miki. Ko sauro ba zai dame ki ba. Ki dai riƙa rufe ƙofa kada iskar ta fito mana."

Gaskiyarta kuwa, sauro bai dame ta ba. Babu kyankyaso, babu tururuwa. Wata tsaka da ta yi karambanin shigowa, washegari Goggo ta tsince ta a ƙasa ciki sama. Ta ce lallai maganin nan mai kyau ne.

Ba ɗakin ya fi yi mata ciwo ba, yarinyar ce. Kullum da safe sai ta ji 'yan takalma suna tahowa, sai ƙaramin ido a ramin ƙofa.

"Ƙawata, fito ki yi mini kitso. Mama tana ja mini gashi."

"Koma wajen uwarki."

"Na ƙi."

Aka yi ta haka. Rannan yarinyar ta turo ƙofar ta shigo da gudu za ta faɗa jikinta. Goggo ta ja da baya har ta bugi jarka, ta ɗauki tsintsiya ta maka a ƙasa, ta daka tsawar da ba ta taɓa yi mata ba.

"Fita! Kada ki kuskura ki taɓa ni! In kika taɓa ni mutuwa za ki yi, kin ji ko? Mutuwa!"

'Yar Tsana ta tsaya cak, sannan ta juya ta fita tana ihu. Goggo ta rufe ƙofa ta yi kukan da ya fi na yarinyar, tana yi tana gode wa Allah da ya ba ta ƙarfin zuciyar korar ta. Daga ranar 'yan takalman ba su sake zuwa ba.

Tarin kuwa sai abin da ya yi gaba. Da can sai ta yi dariya ko ta sha ruwa da sauri yake tasowa, yanzu shi ke tashin ta shi ke kwantar da ita. Idanu suka fara ruwa, kai kamar an ɗora dutse, ƙirji yana fito in ta ja numfashi. Abinci ya daina shiga. A ajiye mata kwano mai ɗigon ja a bakin ƙofa, ta ɗan taɓa, ta mayar. Duk ƙarin da ciwon ya yi, sai hankalin mutanen gidan ya ƙara kwanciya da hukuncinsu.

"Ka ji ko?" in ji matar gidan. "Allah ya so mu da muka ware ta da wuri."

Duba-gari bai taɓa fashin gaisuwa ba, wannan kam ba za a ci haƙƙinsa ba. Kullum kafin ya fita sai ya tsaya wajen igiyar shanya ya ɗaga murya, "Goggo, an tashi lafiya? Ya jiki?" Ita kuma ta ce da sauƙi, don haka aka saba cewa. Sai ya juya ga matarsa.

"Ta ci abinci?"

"Ta ci."

"Ta sha maganin da mai kyamis ya bayar?"

"Ta sha."

"Madalla." Ya hau babur ya tafi buɗe tukwanen mutane. Da yamma kuma Goggo tana jin sa ta bango yana ba da labarin yadda ya kama wata mai gidan abinci da ta ce ta wanke durom, ya sa hannu ya fito da gansakuka. Laifi tudu ne.

Maganar asibiti ta taso sau ɗaya. Goggo ce ta tayar da ita ta bayan ƙofa. Duba-gari ya sassauta murya.

"Goggo, ki duba matsayina. In aka ji a ofis cewa gidan Duba-gari akwai tarin fuka, da wane ido zan kalli mahauta? Gobe in na ce a rufe shagon wani sai ya ce in je in rufe gidana. Ki ɗan yi haƙuri a gama zagayen da muke yi, zan samo wanda zai duba ki a sirrance."

Zagayen bai ƙare ba. Dama irin wannan zagaye ba ya ƙarewa.

Mutum in ya daɗe shi kaɗai a ɗaki, tunani ne abokin hirarsa. Wata rana Goggo tana kallon ɗigon jan nan na kofinta, sai wata tambaya ta faɗo mata, ƙarama, har ta ji kunyar ba ta yi ta tun farko ba. Da matar gidan ta zo ɗaukar kwano, ta ce:

"'Yar nan, wai wane likita ne ya ce? Ni dai ban tuna wani ya sa mini abin nan a ƙirji ba."

Matar gidan ta ɗauki kwanon. "Ai Matar Tela ce ta zo da maganar. Daga bakin likita ta ji."

Gidan Tela yana jikin bangon sito. Da Goggo ta ji motsin wanki a can, ta taka jarka ta kai bakinta wajen 'yar tagar ta yi kira. Matar Tela ta amsa daga nesa, da muryar mai jajantawa.

"Wayyo Goggo, sannu. Kullum kina raina."

"Na gode. Wane likita kika gani a kaina?"

"Likita? A'a, mai kyamis ne na bakin titi, ai duk likita muke ce masa. Na je sayen maganin ciwon kai, na ce masa akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana ta tari. Ya ce in tari ya daɗe a yi hattara, wani lokaci tarin fuka ne, a kai ta a auna. Ni kuwa na ce bari in faɗa, kada a ce na ji na yi shiru."

"Ya ce a kai ni a auna?"

"Ya ce. Ban faɗa ba? To, ina jin na manta wannan."

Goggo ta sauko daga kan jarkar ta zauna. Ashe likitan nata ko fuskarta bai taɓa gani ba. Ashe magana ta fito daga kanti da kai da ƙafa, ta iso gida da kai kawai. Ta so ta ji haushin Matar Tela, ta so ta ji na matar gidan, sai ta tuna wadda ta riƙe kofi ana shafa masa ja. Ita ma ba ta tambaya ba.

Washegari ta jira babur ya tafi, matar gidan ta ja 'Yar Tsana zuwa kasuwa. Ta yafa mayafi ta fita. Asibitin gwamnati ba shi da nisa ga mai lafiya. Ita sai da ta zauna a dakalin mai faci, ta zauna a gaban shagon aski, ta jingina da turken lantarki. Abin mamaki, duk da gajiyar, tana tafe ƙirjin yana buɗewa. Aka ba ta kati, aka ba ta 'yar roba ta tofa majina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ta dawo. Ta sake satar jiki ta koma.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar matar gidan ba. Ta ɗaga hoton a gaban fitila, ta sa abin sauraro a bayan Goggo, ta daɗe tana ji.

"Mama, ba ki da tarin fuka. Ko alamarsa babu. Amma ƙirjin nan ya sha wuya. Me kike shaƙa a gida? Ina kike kwana?"

Goggo ta ba ta labarin sito, da jarkoki, da tsakar da ta mutu. Likitar ta ajiye biro.

"Ki bar ɗakin nan yau, ba gobe ba. Kuma ki turo mini ɗan naki, sakamakon yana cikin fayil ɗinki, ina so in yi masa bayani da bakina."

Goggo ta dawo gida kamar ba ita ba. A hanya har ta tsaya ta sayi 'yan ribbom na gashi masu launin ruwan hoda. Ba ta shiga sito ba. Ta zauna a kan kujera a tsakiyar tsakar gida, inda rabonta da zama har ta manta. Matar gidan ta fito ta gan ta, ta fizge 'Yar Tsana ta tura ɗaki ta ja labule. Haka suka zauna har babur ya tsaya a waje.

"Na je asibiti," in ji Goggo tun kafin ya ajiye jaka. "An auna ni. Likita ta ce ba shi ba ne. Ta ce warin maganinka ne yake cin ƙirjina."

"Asibiti? Ke kaɗai? Wa ya gan ki?"

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

Matar gidan ta leƙo ta gefen labule. "Baban 'Yar Tsana, ka san tsufa. Wa ya sani ko ba ta ji daidai ba? Ko kuma sun faɗa mata haka ne don su kwantar mata da hankali. Ji fa yadda take tari."

Duba-gari ya gyara tsayuwa, ya yi irin murmushin da yake yi wa mahauta.

"Goggo, kin san halina, ke kika rene ni. Ni ba na aiki da an ce. Rai ne fa na yarinya. Sai na je na ga sakamakon nan da idona. Kafin nan a ci gaba yadda ake."

Goggo ta dube shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"To ga ɗakin can, ba nisa. Shiga ka gani da idon naka."

"Na bar takunkumin hancina a ofis. Kuma maganin nan ni na san shi, aikina ne. A rufe yake gam."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗan nan."

"Gobe zan je, in Allah ya so."

Gobe ta zo da taron ofis. Jibi babur ya lalace. Daga nan aka ce wai likitar ba ta zama kullum, wa ya ce kuwa, oho. Goggo ta gwada fitar da jarkokin da kanta, ko gezau ba su yi ba. Ta jawo tabarmarta bakin ƙofa, matar gidan ta ce ai nan ne yarinya take wasa, a ji tsoron Allah. Ta koma jikin bayi, ruwan sama ya kore ta. Damina ba ta san mai gaskiya ba. Ta koma inda ta fito, kai a jikin tamfol, ribbom a ƙulle a bakin zane.

Wata safiya ta ji gaisuwar daga wajen igiyar shanya kamar daga ƙasan rijiya. "Goggo, an tashi lafiya?" Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai fito. Ya sake gaisuwa.

"Barci take," in ji matar gidan.

Goggo ta ji ƙarar makullin babur. Ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi ta ture kofin nan mai jan farce. Ya gangara ya bugi ƙofa. Sai ga haske ya shigo, da inuwar Duba-gari a tsaye a bakin ƙofa, karon farko tun da aka kawo ta ɗakin.

Ya kama bakin tabarmar ya jawo ta da Goggo a kai har tsakar gida, ya ce wa matarsa ta aika a kira mota. Ya koma ciki neman katin asibiti da mayafi. Goggo tana kwance tana haɗiyar iska, ta ji an yaye tamfol. Sai ta ji tari, busasshe, mai shaƙe wuya, irin wanda ta sani kamar sunanta. Ya fito idanu jajur suna zubar da ruwa, riƙe da jarka wadda gindinta ya tsage, tana ɗiga a kan takalminsa.

Matar gidan ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Ka gani ko? Na ce kada ka shiga! Ga shi nan har ka ɗauka!"

Da Goggo tana da numfashin dariya, da ta yi. Duba-gari bai ko kalli matarsa ba. Ya ajiye jarkar can nesa, ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa a gefen tabarma.

"Goggo... na gani."

"Sannu da aiki," in ji ta a hankali. Ba ta da lokacin jin sauran. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ribbom ɗin. "Kira mini ƙawata."

Ya tashi da sauri, kamar wanda aka ba hanyar biyan laifi da araha. Ya ɗauko 'Yar Tsana daga bayan labule ya sauke ta kusa da tabarma. Gashinta duk ya cukurkuɗe. Goggo ta miƙa hannu. Yarinyar ta ja da baya, ta ɓuya a bayan ƙafar ubanta, ta ƙanƙame wandonsa.

"Je ki mana. Goggonki ce. Ba ta da komai, na gani da idona."

"Ni ba zan je ba. In na taɓa ta mutuwa zan yi."

"Ƙarya ne! Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

Yarinyar ta fito da yatsa ɗaya daga bayan ƙafarsa, ta nuna tabarma.

"Ita ta ce."

Mota ta yi ham a waje. Duba-gari ya kama hannun yarinyar zai jawo ta da ƙarfi, ta fasa ihu tana tirjewa. Goggo ta sauke hannunta, ta ajiye ribbom ɗin a gefen tabarma inda ƙaramin hannu zai iya kaiwa in an tafi da ita.

"Sake ta," in ji Goggo. "Ita dai ta san wanda ya gaya mata."